Hular kwanon keke: a auna kai kafin a zaɓi launi

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke sahun gaba, ku gafarce ni, yau da samari zan fi magana, masu ratsa unguwannin Aboabo da Asawase zuwa kasuwar Kejetia a nan Kumasi a kan keke, suna kutsawa tsakanin motocin haya da keke mai ƙafa uku.

Saurayi in ya je sayen hular kwano, launi yake fara dubawa, sai ƙyalli, sai ya tambayi abokinsa ko ta yi masa kyau. Wani ma ya ƙi sawa sam, wai tana mayar da kansa kamar ƙwarya. To, wannan ɓawon na waje mai ƙyalli roba ce siririya. Aikinta biyu: ta riƙe abin da ke ciki kada ya tarwatse, ta kuma sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta cije ta fizge wuya. Mai aikin gaske shi ne soso mai tauri na ciki, ɗan'uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali. In kai ya bugi ƙasa, sosan ne ke murƙushewa ya shanye bugun. Kuma sau ɗaya yake yin haka. Wanda ya murƙushe ba ya komawa yadda yake.

Nan ne matsalar hular gwanjo, wadda ke zuwa tare da tsofaffin kekuna daga Turai. Waje fes, amma wa ya san ko mai ita ya taɓa faɗuwa da ita? Ku cire 'yan ƙyallayen ciki, ku duba sosan a cikin haske. Tsaga ko da kamar zare, ko wurin da ya lotsa, ko ɓawon da ya fara rabuwa da soso, a ajiye ta. Sannan ku nemi takardar da aka manna a ciki: EN 1078 ma'aunin Turai ne, CPSC na Amurka, wanda ya zama dole a can tun 1999. A gwajin Amurka, daga tsayin mita 2 ake sako hular kan ƙarfe. Mai araha da mai tsada duk gwaji ɗaya suke ci. Ƙarin kuɗin yawanci rashin nauyi da yawan kafofin iska yake saya. A zafin Kumasi kuwa kafofin ba ado ba ne, don hular da ke dafa kai a hannun keke take ƙarewa a rataye.

Yanzu awo. Ari tef ɗin tela, ka zagaya kai kamar santimita 2 sama da gira. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin 54 da 61, kuma ana rubuta awon a jikin hular. Ka ɗora ta daidai, yatsu biyu tsakanin gira da bakinta. Masu tura ta ƙeya don a ga fuska, goshin suka bari a fili, alhali shi ke yawan fara isa ƙasa. Ka murza maɗaurin ƙeya har ta kama, ka sunkuya ba tare da ka ɗaura igiya ba. In ta faɗi, ba taka ba ce. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ta haɓa, yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Buɗe baki kamar mai hamma: ya kamata ka ji hular ta danno kanka.

Wani daga baya yana tambaya ko za a iya sa hular da muka saba sawa a ƙarƙashin hular kwano. Malam, hula mai tauri a ƙarƙashi tana ɗaga kwanon sama, sai ya rasa mazauni. A sa ta a jaka. 'Yan'uwa mata, hijabi marar kauri ba laifi, amma a yi awon da shi a kai, kuma a cire fil da ƙullin gashi mai tudu.

Iyaye, kada a saya wa yaro hular da ta yi masa yawa wai zai girma a cikinta. Hular magina kuma ta abin da ke faɗowa daga sama ce, ba ta da wannan sosan. Kada a shafa wa kwano fetur ko fenti, suna cin soso. Ruwa da sabulu sun isa, a shanya a inuwa.