Kafin ƙani ya iso, a fara duba wansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna jina? To ku ɗan matso, abin maganar nan sai a hankali. Iyayena da ƙannena, an ce in yi magana a kan shirin haihuwa ta biyu, na kuma rubuto abu huɗu a 'yar takardata, Allah Ya sa in bi su a jere.

Na ɗaya, awo. Cikin fari kowa rawar jiki yake yi, uwar miji na tambaya, uwarki na aike, wata bakwai an kwashe ki goyon ciki. Na biyu kuwa sai ki ji mace ta ce ai na saba. Ba a sabawa da ciki, Hajiya, kowanne da halinsa yake zuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin a sauka. Ki karɓi maganin ƙarin jini, ki sha Fansidar ɗin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa bayan wata uku, ki kwana a gidan sauro. Wannan kun sani, mu wuce.

Na biyu shi ne wanda ke goye a bayanki. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Kun san ciwon nan da yaro ke kumbura ƙafa da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, ya zauna shiru ba wasa? A asibiti kwashoko muke cewa. Mutane na zaton Turanci ne, alhali yaren Ga ne na mutanen Ankara, can Gana. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta yi aiki a can, ta ji abin da matan gari ke kiran ciwon, ta sa shi a rubutunta a 1935. Ma'anarsa, ciwon da babba ke yi idan an sauke shi daga nono saboda ƙani na tafe. Ku ji fa! Matan da ba su je makarantar likita ba, tun tuni sun gane sanadin. Mu ma muna da kalmarmu, kwanika, wasu su ce rurrutsa. Ga yaro ɗan wata tara ko goma yana nono, sai ciki ya shiga. Me ake yi? Ranar da aka gane, ranar za a cire shi. Wai nonon ciki guba ne, zai sa masa gudawa. A shafa maɗaci, a ɗauke shi a kai gidan kaka, rana ɗaya ya rasa nono ya rasa uwa. Can kuma me zai ci? Koko tsurarsa safe, koko yamma. Gudawar da ake gudu sai ta zo, amma daga kofi mai datti da ruwan da ba a tafasa ba ta zo, sai tsohuwa ta ce kun gani ko, dama ya riga ya sha nonon ciki. (Dariya.) Iyayena tsofaffi, ban zo faɗa da ku ba, ni ma jikokina uku.

Nonon mai ciki ba guba ba ne. In maimaita? Ba guba ba ne. Yana raguwa, ɗanɗanonsa na canjawa, wani yaron ma da kansa zai saki. Idan cikin lafiyayye ne, babu zubar jini, ba ki taɓa haihuwar bakwaini ba, ki ci gaba da ba shi, ki ƙara cin abinci. In da wata damuwa, a wajen awo za a faɗa miki. In ma yayen za a yi, a bi shi sannu cikin makonni, yau a rage na rana, gobe na yamma, kuma cikinsa ya riga ya saba da abinci. Kunun gyaɗa mai kauri, wake, awara, alale, garin busasshen kifi a faten dankali, zogale, ƙwai. E, ƙwai! Wai yaro zai yi sata. Ni dai ɓarayin da na sani ba ƙwai ya lalata su ba. (Dariya.) Ki kai shi a auna dantsensa da zaren nan mai launi uku, in ya taɓa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kada ki kwana gida da shi.

Kuma malamanmu na nan zaune, su gyara mini. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ce shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Likitoci kuma suka ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki ya shiga. Lissafin ya zo ɗaya. Wannan zancen na maigida ne, ku kai masa, tunda yau ba su zo ba.

Na uku... a'a, ina na tsaya? To, kishi. Ki faɗa wa babban yaron ƙani na zuwa, ya taɓa cikin. A raba shi da shimfiɗarki tun da saura wata biyu ko uku, kada ya ga jariri ne ya kore shi. Ranar suna kowa na kan jariri, a ɗinka masa shi ma. In ya koma fitsarin kwance kada a doke shi, zai wuce. Musamman ɗan fari da ake wa alkunya, uwa ba ta ko kiran sunansa, ga kuma wani ya zo ana ta rungumarsa a gabansa. Na huɗu, kuɗi: kafin ragon suna a ware na mota, a san wanda zai ba da jini, a san wadda za ta riƙe babban yaron a daren naƙuda. Kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa kuma, likitocin Zariya sun nuna alaƙarsu da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970, wannan laccar wata rana ce. Na'am, ƙanwata, ga hannunki a sama.

(Wata daga cikin mahalarta: Anti, ni an ce jinina negatif ne, na haifi na fari lafiya, yanzu ina da wata biyar.)

Madalla da kika tambaya, da na tafi ban faɗa ba. Na fari yakan fita lafiya, a na biyu abin ke tashi. Idan rukunin jininki negatif ne, kamar a ce O negatif, na yaron fozitif, lokacin haihuwa jininsa kan ɗan shiga naki, jikinki ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa makami. Ciki na gaba, makamin ya ratsa mabiyiya ya riƙa fasa jinin jariri, ya zo da shawara mai tsanani ko ƙarancin jini. Akwai allurar Anti-D mai hana jiki haɗa makamin, da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, ana kuma yin wata wajen sati 28 na ciki. An yi miki bayan ta farin? Ba ki tuna ba. A gida kika haihu? To. An auna jinin maigidan? In shi ma negatif ne babu komai. In ba a auna ba, gobe Litinin ki tasa shi gaba ku je tare, a kuma gwada naki a ga ko makamin ya haɗu. Katin awonki na cikin jaka? Kawo shi nan in gani kafin a kira la'asar.