Sharhin wasanni: masu dawowa daga jinya a wasan hokin ƙanƙara

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau dai ƙwallon ƙafa za ta ɗan huta, zan ja ku zuwa Amurka da Kanada wajen wasan hoki na kan ƙanƙara, gasar da ake kira NHL. Na san wani zai ce haba malam mu da ƙanƙara sai a firij, toh ku dai ba ni aron kunnenku. Kulob 32 ne, kowanne wasa sama da 80 a kaka ɗaya kafin ma a shiga zagayen neman kofin Stanley, mutum shida shida a fili har da gola, kowa da sanda a hannu, ƙarƙashin takalminsa kuma ƙarfe ne mai kaifi kamar wuƙa da shi yake sulɓi. Ƙwallon tasu wani dunƙulen baƙar roba ne mai faɗi da ake daskarar da shi kafin wasa, nauyinsa wajen giram 170, kuma idan mai ƙarfi ya make shi gudunsa na wuce kilomita 160 a awa. Ga bango zagaye da filin da ake haɗa mutum da shi, kuma doka ta yarda. Toh a irin wannan waje rauni ai abincin yau da gobe ne.

Wanda ya sa na ɗauko maganar nan shi ne Gabriel Landeskog, ɗan ƙasar Suwidin, kyaftin ɗin Colorado Avalanche. An ba shi kyaftin tun 2012 yana ɗan shekara 19. A watan Satumba na 2020 suna wasa da Dallas sai ƙarfen takalmin abokin wasansa Cale Makar ya yanke shi a wajen gwiwar dama, tsautsayi ne kawai ba da gangan ba, kuma a lokacin ba wanda ya ɗauka abun zai yi nisa. Ashe guringuntsin gwiwar ya taɓu. Ya ci gaba da wasa a haka gwiwa na ci masa tuwo a ƙwarya, aka yi masa tiyata a watan Maris na 2022, ya lallaɓo ya dawo zagayen kofi ya ci ƙwallo 11, ranar 26 ga Yuni 2022 suka doke Tampa Bay ya ɗaga kofin Stanley da hannunsa. Daga wannan daren shikenan, shiru kake ji.

An sake yi masa aiki a watan Oktoba aka ce sati goma sha biyu zai dawo, sati goma sha biyu ta zama kaka guda cur, sai a watan Mayu na 2023 likitoci suka ce abun da ya rage kawai a yi masa dashen guringuntsi, wato a ɗauko na wani a dasa masa a gwiwa. Kuma ba a taɓa samun ɗan wasan NHL da aka yi wa irin wannan aikin ya dawo ya taka ƙanƙara a gasar ba. Kaka uku a jere bai buga ko wasa ɗaya ba, uku fa jama'a, wasu yaran da suka shigo kulob ɗin sun zo sun tafi ba su taɓa ganin kyaftin ɗinsu sanye da riga a fili ba, mutum ya koma koyon taka ƙafa da hawa bene, yau a ce ya fara sulɓi shi kaɗai gobe a ce gwiwa ta kumbura a koma baya, magoya baya da yawa har sun fara cewa a cire masa kyaftin ɗin nan a ba wani tunda mutumin nan ya gama. Kulob ɗin bai cire ba, kuma wannan kam na yaba musu.

Sai a watan Afrilu na 2025 ya je ya gwada ƙafar a ƙaramin kulob ɗinsu Colorado Eagles wasa biyu, ranar 23 ga wata kuma ya fito a gidansu Denver a wasa na uku da Dallas a zagayen kofi, inda ake iya karawa har sau bakwai, kwana 1,032 rabonsa da wasan NHL. Kuma shigarsa ke da wuya ya je ya bangaje Mikko Rantanen, tsohon abokinsa da suka ɗaga kofi tare wanda Colorado ta rabu da shi a watan Janairu, a lokacin kuma yana buga wa Dallas. A wasa na huɗu ya jefa ƙwallo a raga suka ci 4 da nema. Amma fa ba fim ba ne, a wasa na bakwai Colorado na gaba da ci 2 a zango na ƙarshe, Rantanen ɗin nan dai ya zura uku shi kaɗai Dallas ta kore su da ci 4 da 2. Haka aka tashi.

Toh ga inda nake so mu tsaya. A wurina wannan ita ce dawowa ta gaskiya, wadda aka bi a hankali aka saurari likita aka haƙura da surutun mutane. Amma in ka zauna da masoya wasan nan ba irin wannan labarin suka fi so ba, sun fi son na wanda ya buga da karaya. Za su ba ka labarin Bobby Baun na Toronto a 1964, wanda ƙwallo ta fasa masa idon sawu aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka ɗaure ƙafar aka kashe zafin ya dawo ya ci ƙwallon nasara a ƙarin lokaci. Za su ba ka na Gregory Campbell na Boston a 2013 da ya tare bugun Evgeni Malkin na Pittsburgh da ƙafarsa ƙashi ya karye ya miƙe ya ci gaba da tsaron gida kusan minti ɗaya yana ɗingishi. A shekarar dai Patrice Bergeron na Boston ya buga wasan ƙarshe da Chicago da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, ana tashi aka wuce da shi asibiti aka tarar huhunsa ya huje. A 2023 Matthew Tkachuk na Florida ya karye a ƙashin ƙirji, ranar wasa na huɗu da Vegas sai da ƙaninsa Brady ya taimaka masa ya tashi daga gado, a haka ya je ya buga. Kuma ku lura, Bergeron bai ci kofin ba a wannan shekarar, Tkachuk ma bai ci ba a 2023.

Ni ban ce ba su da zuciya ba, wallahi suna da ita, wanda ya saba ganin ɗan ƙwallon ƙafa an ɗan taɓa shi yana birgima sau biyar dole abun ya burge shi. Amma tambayata ita ce ina likitan kulob yake lokacin da mai karyayyen haƙarƙari ke shiga fili inda ƙato mai kilo ɗari zai haɗa shi da bango? Ina koci? Ɗan wasa ai ba zai taɓa cewa a bar shi a benci ba, tun yana yaro aka koya masa cewa wanda ya ce wayyo rago ne, ga tsoron kar wani ya gaje masa gurbi, ga mu 'yan kallo muna tafi muna cewa namiji. Tafin nan namu yana cikin abun da ke tura su.

Kuma akwai wata al'ada tasu mai ban haushi, ɓoye rauni. Kulob ba zai ce maka wane ya karye a yatsa ko ya goce a kafaɗa ba, sai dai a ce yana da rauni a saman jiki ko a ƙasan jiki, shikenan ka je ka yi ta duba. Hujjarsu wai in abokan hamayya suka san wurin da ke ciwo nan za su dinga saran sanda, kuma gaskiya ana yin hakan, amma ɓoyewar tana rufa wa kulob asiri ma, sai an fitar da su daga gasa sannan manaja ya zauna gaban 'yan jarida ya karanto jerin karaya da tiyata kamar mai karanta sunayen waɗanda suka ci jarabawa. Wani lokaci ma jinyar dabara ce. Dokar gasar ta sa iyaka a kan jimillar albashin da kulob zai biya, amma wanda ke doguwar jinya ana iya cike gurbin albashinsa da wasu, kuma a wancan lokacin iyakar ba ta aiki a zagayen kofi. Nikita Kucherov na Tampa Bay an yi masa aiki a ƙugu bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2021, ranar da aka fara zagayen kofi sai ga shi garau, ya fi kowa maki da 32, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, suka ɗauke kofin. Tiyatar gaskiya ce ba wanda ya musa, amma yadda warkewar ta zo daidai da ranar, toh har yau magoya bayan sauran kulob ba su daina tsaki ba.

Raunin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba a gani a hoton asibiti, na ƙwaƙwalwa. Sidney Crosby na Pittsburgh yana kan ganiyarsa, maki 66 a wasa 41, ranar 1 ga Janairu 2011 ya sha bugu a kai a wasa da Washington, aka bar shi ya ci gaba, kwana huɗu bayan nan Victor Hedman na Tampa ya sake haɗa kansa da bango. Daga nan sai jiri da ciwon kai, bai sake wasa ba sai 21 ga Nuwamba, ya dawo ya ci biyu ya bayar aka ci biyu kowa na murna, wasa takwas kacal abun ya dawo masa ya sake zama har watan Maris na 2012. Da an zaunar da shi tun bugun farko wa ya sani. Allah ya taimake shi ya warke har ya ƙara ɗaga kofi a 2016 da 2017, amma Derek Boogaard bai samu wannan sa'ar ba, shi aikinsa a fili dambe ne, ya mutu a 2011 yana da shekara 28 bayan ya haɗa ƙwayoyin kashe zafi da giya, da aka duba ƙwaƙwalwarsa aka ga cutar nan ta yawan buguwa a kai da ake kira CTE ta riga ta yi nisa.

Sai Clint Malarchuk, golan Buffalo. Ranar 22 ga Maris 1989 ƙarfen takalmin wani ya yanke masa jijiyar wuya ana tsakiyar wasa, jini na tsartuwa a kan ƙanƙara mutane na suma a wurin zama, mai kula da lafiyar 'yan wasan Jim Pizzutelli wanda ya taɓa aikin jinyar sojoji a yaƙin Biyetnam shi ya ruga ya danne jijiyar da yatsunsa. Ɗinki wajen 300. Kwana goma da wani abu sai ga shi ya dawo raga, aka miƙe ana tafi ana cewa ga jarumi. Shi da bakinsa daga baya ya ba da labarin abun da ya biyo baya, mugayen mafarkai, rashin barci, shaye-shaye, ciwon damuwa har ya kai ga yunƙurin kashe kansa a 2008. Wuyan ya warke cikin kwanaki, amma ba wanda ya tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki.

Kar ku ce na cika baƙin labari, akwai mai daɗi. Mario Lemieux na Pittsburgh a watan Janairu na 1993 aka gano yana da kansa, ya tafi aka yi ta gasa ciwon da na'ura, ranar 2 ga Maris da safe aka yi masa gashi na ƙarshe da yamma ya sauka Philadelphia ya buga ya kuma ci, mutanen garin da ba sa ga maciji da Pittsburgh suka miƙe tsaye suna masa tafi, ƙarshen kaka ya fi kowa maki, 160 a wasa 60 kacal. Ga dattijo Alex Ovechkin ɗan Rasha da ya karye a ƙafa a Nuwamba 2024 yana da shekara 39, ya zauna wasa 16 sai da ƙashi ya haɗe, ya dawo a ƙarshen Disamba, ranar 6 ga Afrilu 2025 kuma ya ci ƙwallo ta 895 ya shafe tarihin Wayne Gretzky na wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar.

Duk shekara gasar na ba da wata kyauta ga wanda ya fi nuna juriya, yawanci masu dawowa daga jinya ke samu, kuma sunan Bill Masterton aka sa mata, ɗan wasan Minnesota da ya faɗi kansa ya bugu da ƙanƙara a Janairu 1968 babu hular kwano ya rasu. Kun san sai yaushe aka wajabta hular? Sai 1979, shekara goma sha ɗaya, kuma sababbin shiga kawai, tsofaffi aka ce su yi yadda suka ga dama, shi ya sa Craig MacTavish ya yi ta wasa da kai a buɗe har 1997. Yanzu ma maganar abun kare wuya haka take tafiya. A watan Oktoba na 2023 Adam Johnson, Ba'amurke da ke buga wa Nottingham Panthers a Ingila, ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya a wasa da Sheffield ya rasu yana da shekara 29. Hukumar wasan ta duniya ta wajabta abun kare wuyan a gasanninta, ƙaramar gasar AHL ma ta bi, ita kuwa NHL sai da aka kai ruwa rana sannan aka amince daga kakar 2026 zuwa 2027, nan ma sababbin shiga kawai. Manyan 'yan wasa da yawa cewa suke yana sa zafi yana takura musu, wato za mu ƙara shekara goma ko fiye muna kallon wuya a buɗe a tsakiyar wuƙaƙe ashirin da huɗu. Lokacinmu ya cika, sai mu koma ɗakin labarai.