Yadda ake zaɓen Paparoma: tun daga ihun 'yan gari har zuwa kulle da kwaɗo

Toh jama'a barkanmu da yamma, iyayena da yayyena da ke zaune a gaba ina gaisuwa, na baya in ba ku ji na sosai ku ɗaga hannu a ƙara murya. Da yawanku kun kalli bututun hayaƙin nan a talabijin cikin watan Mayun 2025, mutane cike da dandalin Batikan kowa ya ɗaga kai sama yana jiran ya ga fari ne, alamar an zaɓi Paparoma, ko baƙi, alamar ba a zaɓa ba, har wani ɗalibina yake tambayata wai malam su ba su da lasifika ne sai hayaƙi? Abin da nake so ku riƙe yau shi ne, kusan duk wata doka da kuka gani a zaɓen nan akwai rigimar da ta haife ta, ba wanda ya zauna rana ɗaya ya tsara ta.

Da farko fa babu ruwan kadinal da zaɓe, wato manyan limaman cocin Katolika da ke zaɓen Paparoma a yau. Paparoma bishop ne na birnin Rum, kuma limaman coci da mutanen gari su ke taruwa su ce wane muke so. Har ana ba da labarin wani Fabiyan a shekarar 236, wai ya shigo daga ƙauye yana cikin 'yan kallo kurciya ta sauka a kansa, jama'a suka ɗau ihu shi ne shi ne, shikenan ya zama. Amma da kujerar ta yi nauyi, ga filaye ga dukiya, sai manyan gidajen Rum da sarakunan Jamus suka sa hannu, kowa na cusa nasa. A 1059 Paparoma Nikolas na biyu ya ce ya isa, daga yau kadinal-kadinal masu muƙamin bishop su ke da ta cewa. A 1179 kuma Alekzanda na uku, wanda shi kansa ya sha fama da masu ja da shi kan kujerar kusan shekara ashirin, ya kafa cewa sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u.

To a nan gizo ke saƙar. Kashi biyu cikin uku ba wasa ba ne in mutane sun rabu gida biyu. Ku saurari wannan da kyau don shi ne gishirin laccar. A watan Nuwamban 1268 Paparoma Kilement na huɗu ya mutu a wani gari da ake kira Biterbo arewa da Rum, kadinal-kadinal suka taru a can, wasu na tare da Faransawa wasu sun ce atafau ba su yarda ba, aka yi wata ɗaya, aka yi shekara, aka shiga ta biyu, mutanen nan suna ci suna sha suna komawa masaukinsu ba abin da ya dame su, garin kuwa shi ke ɗauke da nauyinsu. Da tura ta kai bango sai mahukuntan garin suka tattara su a fadar bishop suka datse ƙofa. Shiru. Aka rage musu abinci ya koma burodi da ruwa. Shiru. Wallahi sai suka hau sama suka yaye rufin ɗakin, rana ta doke su ruwa ya doke su, ku duba fa, dattawa ne masu furfura. Uku daga cikinsu sun mutu kafin a gama. A ƙarshe dai suka wakilta mutum shida su yanke, ranar 1 ga Satumba 1271 aka fitar da suna, bayan shekara biyu da wata tara. Kuma abin dariya wanda suka zaɓa, Teobaldo Biskonti, ba kadinal ba ne, ba ma ya ƙasar, yana can Akka a gaɓar Falasɗinu wajen yaƙi sai aike aka yi masa.

Shi ne ya zama Giregori na goma, kuma da ya hau sai ya ce abin nan da 'yan Biterbo suka yi cikin fushi ai dabara ce, ya mai da shi doka a 1274. A jira kwana goma bayan mutuwar Paparoma, sannan a kulle su ɗaki ɗaya, abinci ta taga za a miƙa, in sun kwana uku ba su zaɓa ba a rage kwanon abinci, in an ƙara kwana biyar sai burodi da ruwa da ruwan inabi kawai, kuma ba mai karɓar ko kwabo daga baitulmalin coci har sai an gama. Ni a ganina wannan ta kuɗin ta fi yaye rufi aiki. Kalmar konkilaf da kuke ji ana kiran taron zaɓen da ita daga Latin take, ma'anarta da makulli. Zaɓen da ya biyo baya a Janairun 1276 kwana ɗaya aka yi. Sai suka ga abin ya matse su aka dakatar da dokar, me ya faru? Daga 1292 zuwa 1294 aka sake zama babu Paparoma sama da shekara biyu, dole aka dawo da kwaɗo.

Kulle ya hana jan ƙafa amma bai hana na waje matsa lamba ba. A 1378 mutanen Rum suka kewaye wurin suna ihu sai ɗan Rum ko aƙalla ɗan Italiya, aka zaɓi Urban na shida, bayan 'yan watanni kadinal-kadinal ɗin suka ce ai tsoro ne ya sa mu, suka zaɓi wani daban ya tare a Abinyon ta Faransa. Paparoma biyu, daga baya ma uku, sai 1417 aka ɗinke ɓarakar. Zan tsallake da yawa saboda lokaci. A 1621 aka tsaurara ƙuri'ar sirri a rubuce. Sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya kuwa sun daɗe suna cewa suna da ikon hawa kujerar na ƙi a kan ɗan takara ɗaya, na ƙarshe shi ne 1903 da Sarki Faranz Yosef na Ostiriya ya aiko a ce ban da Kadinal Rampolla. Wanda ya ci, Piyus na goma, shekara na zagayowa ya soke abin, ya ce duk kadinal ɗin da ya sake kawo saƙon wani sarki korarre ne daga coci. Mu da muka san yadda ake yi da masu zaɓen sarki in gwamnati na da nata ɗan takara, ba sai na yi dogon bayani ba.

Baba na ga ka ɗaga hannu, kana tambaya ko har yanzu kwana goma ake jira bayan mutuwar Paparoma, a'a, kwana goman nan an ƙara. A 1922 kadinal ɗin Boston ya taso a jirgin ruwa daga Amurka ya iso an riga an gama, kuma a 1914 ma haka ta same shi, shi ya sa aka mai da jiran kwana 15. Bulus na shida kuma a 1970 ya ce wanda ya kai shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a. Shi ya sa a 2025 daga Najeriya Kadinal Peter Okpaleke kaɗai ya shiga, su Arinze da Okogie da Onaiyekan duk shekaru sun wuce da su.

Yanzu ga yadda ake yi. A ɗakin ibada na Sistin da ke Batikan ake zama, tun 1878 ba a sauya wuri ba, wani jami'i ya ce kowa ya fita, a rufe ƙofa, babu waya babu jarida. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda yana ɓad da rubutunsa, ya ninke, ya taka zuwa gaban bagade, wato teburin ibada, ya yi rantsuwa ya jefa. Masu ƙirga suna karantawa da ƙarfi, suna soke kowace takarda da allura da zare har su zama kamar carbi, sannan a ƙone, hayaƙin nan da kuke gani daga nan yake fitowa. Sau huɗu ake jefa ƙuri'a a rana, biyu da safe biyu da yamma. Hayaƙin ma ya sha ruɗa mutane, a 1958 ya fito fari-fari aka fara murna ashe ba a zaɓa ba, yanzu sinadari ake sawa kuma tun 2005 ana haɗawa da kaɗa ƙararrawa.

A 2025 su 133 suka shiga ranar 7 ga Mayu, ana neman ƙuri'a 89, washegari a zagaye na huɗu Robert Prevost ɗan Shikago ya samu. Aka tambaye shi ka karɓa? Wane suna za ka ɗauka? Ya ce Liyo, shi ne na 14. Aka shiga da shi wani ɗan ƙaramin ɗaki da suke kira ɗakin hawaye inda ake ajiye fararen riguna manya da ƙanana tunda tela bai san wa zai ci ba, ya sa wadda ta yi masa ya fito baranda. To mai tambaya ta gaba, ƙanwata mai jan mayafi, a miƙa mata makirfon.