Amsoshin Tambayoyinku: Gurbin da Bai Kamata Ya Fita Fanko Ba

Assalamu alaikum masu sauraro. Wasiƙar yau ta zo mana daga wani matashi a unguwar Mabera, nan Sakkwato, wanda yake rubuta wa dillalan albasa manhajar ajiye bayanan abokan cinikinsu da harshen kwamfuta na Java. Ya ce idan manhajar ta zo mayar da bayanan mutum zuwa rubutun JSON, wato tsarin rubutu da manhajoji ke musayar bayanai da shi, domin aikawa, gurbin lambar waya yakan fita da null, wato babu komai a ciki, kuma yana son a hana irin wannan bayani fita.

To Malam, idan Jackson kake amfani da shi, wato kayan aikin Java da ke mayar da bayanai zuwa JSON, shawarar da aka fi bayarwa ita ce ka saita alamarsa ta JsonInclude a kan NON_NULL, kuma ni ban goyi bayanta ba a nan, domin abin da take yi kawai shi ne ta cire gurbin daga rubutun, sai bayanin ya tafi babu lamba, ba tare da kowa ya sani ba. Saita required, wato dole gurbin ya zo, a alamar JsonProperty ta Jackson ma ba zai fisshe ka ba, domin a wajen karɓar bayani yake aiki, kuma zuwan gurbin kaɗai yake dubawa, ko da null ne a cikinsa.

Wannan matsala tsohuwa ce: masanin kwamfuta Tony Hoare, wanda ya shigo da null cikin harshen kwamfuta na ALGOL W a 1965, shi da kansa ya kira shi kuskuren dala biliyan ɗaya a 2009.

Abin da zai yi maka aiki shi ne ka tare ɓarakar tun daga ƙofa. Ka sa Objects.requireNonNull, umarnin Java da ke tsayar da aiki idan ya ga null, a wurin da ake gina ƙunshin bayanan, ta yadda wanda babu lamba a cikinsa ba zai ma ginu ba, balle a kai ga aika shi. Idan kuwa ka zaɓi alamar NotNull, wadda ake sa wa gurbi don nuna kada ya zama null, ka sani cewa ita kaɗai ba ta hana komai, sai ka kira mai tantancewa irin Hibernate Validator kafin a rubuta JSON ɗin. Kuma idan magatakardan dillali ya bar akwatin lambar bai cika ba, abin da zai iso sau da yawa rubutu ne fanko, ba null ba, wanda NotNull zai bari ya wuce, saboda haka alamar NotBlank, wadda ba ta yarda da null ko rubutu fanko, ta fi dacewa da lambar waya.