Sharhi: A Kawo Mana Baje-kolin Tarihi Ranar Kasuwa

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan laburare ne da gidajen adana tarihi na jiha, da irin baje-kolin da suke shiryawa wanda mu mutanen karkara sai dai mu ji labarinsa a rediyo bayan an watse.

Kayan da ke ajiye a wuraren nan fa ba wasa ba. A Kano akwai laburaren Murtala Muhammad, akwai Gidan Makama kusa da fadar Sarki, ga kuma Gidan Ɗan Hausa, gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, wanda yanzu yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu. In ka leƙa Kaduna ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga Arewa House, cibiyar bincike da adana tarihin Arewa da aka kafa a 1970. To me ke cikin fayil-fayil ɗin? Da yawa rahoton Di'o ne, wato jami'in mulki na zamanin Turawa, idan ya zaga gunduma a kan doki, yana rubuta yawan masu biyan haraji, shanu nawa aka karɓi jangalinsu, wa ke dagaci, garin nan su waye suka sare shi kuma daga ina suka taso. Labarin ƙauye ne tsantsa, na kakanninmu, amma jikokin ba su taɓa ganin ko bangon fayil ɗin ba.

Mu 'yan Jigawa abin ma ya fi shafarmu. Sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri jihar, kafin nan Haɗeja da Gumel da Kazaure duk a lardin Kano suke, Ringim da Dutse da Birnin Kudu kuwa gundumomi ne ƙarƙashin Sarkin Kano, don haka yaron da ke son sanin tarihin garinsu sai ya nufi Kano ko Kaduna, in yana da kuɗin mota kenan.

Kuma ku duba yadda ake yin baje-kolin mana. Ƙarfe goma na safe ranar aiki, a zauren taro mai AC, babban baƙo ya makara awa biyu, ya zo ya yanke ƙyalle, a yi jawabi da Turanci a ɗau hoto a sa a Facebook, shikenan an gama. Masu zuwa malaman jami'a ne da ɗaliban da aka kwaso a bas. Ban ce ba su da haƙƙi ba, amma manomin Gagarawa ko matar aure a Sumaila ai su ma tarihinsu ne ke liƙe a bangon nan.

Dattawanmu sun tuna majigi, motar da ke shigowa gari da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, gari duka ya fito. Gwamnatin wancan lokaci ba ta jira mutane su zo birni ba, yanzu kuma da ake da sola da firojekta da kwamfuta wai abin ya gagara? Ba a ce a ɗauko takardun asali ba, waɗannan sun tsufa, a barsu inda suke. Kwafi za a yi manya a liƙa a allo, a kai Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, a samu mai baki ya dinga karantawa da Hausa. A Malam Madori a nuna hotunan gyaɗa da layin dogon da ya wuce zuwa Nguru a 1930. A Haɗeja a kawo abin da Turawa suka rubuta kan yaƙin 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada, sai a bar tsofaffin gari su faɗi nasu da suka ji a bakin iyaye, wallahi za a sha mamakin bambancin. A haɗa da tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. A ware wa mata yini guda a makarantar firamare ko Islamiyya, don ba kowace ce ke shiga kasuwa ba.

Ma'aikatan ma ba za su koma hannu rabbana ba. Gidajen malamai da na sarauta a karkara cike suke da rubutun ajami da na Larabci, wasiƙu, waƙoƙin wa'azi, takardun rabon gado, suna cikin gafaka da adaka gara na ci, ɗigar damina na jiƙawa, ambaliya irin ta 2022 kuwa ba ta tambayar mene ne a akwati. Mutane na ƙin bayarwa ne don tsoron in takarda ta tafi birni ba ta dawowa, kuma ban ga laifinsu ba. A zo da na'ura a yi sikanin a gaban mai ita, a miƙa masa abarsa da kwafi ɗaya kyauta, a rubuta sunan gidansu a jiki, za ku ga yadda za a fito da su. Sai dai a yi hattara da takardun iyakar gona da na gadon sarauta, kar a je nuna tarihi a tayar da rigimar da ta kwanta, irin waɗannan a fara shawara da hakimi tukuna.

Za a ce babu kuɗi a kasafi, ƙananan hukumomi 44 a Kano, 27 a Jigawa, ina za a iya. Ai ba wanda ya ce a zaga su a shekara ɗaya, a fara da biyu ko uku, mota ɗaya da ma'aikata kaɗan sun isa. Sannan a lura da lokaci, ranar adana takardun tarihi ta duniya 9 ga Yuni take, daidai sanda mutanenmu ke fama da shuka da noman fari, ba wanda zai bar gona ya zo kallon hoto. A yi bikin birni a ranar in ana so, namu na karkara kam a bari sai bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, daga Disamba zuwa Fabrairu.