Takardun Gidan Wanda Ya Sari Gari: Yadda Ake Karanta Su da Adana Su

Assalamu alaikum. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta.

A garuruwanmu na ƙasar Kano da Jigawa, gidan wanda ya sari gari ba ya rasa tsohuwar gafaka. A ciki akan sami wasiƙun sarki da hatiminsu, takardun rabon gado, shaidar jinginar gona da jerin sunayen kakanni. Roƙona guda ne: in an zo rabon gado, kada a raba takardun nan. Warwara ne, ba ɗinki, kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. Kowane ɗaki ya ɗauki nasa kaso, zance ya yanke ke nan.

Kafin a ce takarda ta kai shekara kaza, a ɗaga ta a haske. In an ga jinjirin wata uku a jikinta, irin wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya a da ce. Shekarar da aka rubuta a ciki kuma ta Hijira ce: a raba ta da 33, a debe abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Wato 1300 ta faɗa wajen 1883. A da, ƙimar dukiya da kuɗin wuri ake rubuta ta, keso ɗaya wuri 20,000. Takardar da ta ambaci taki (awon gona da takun ƙafa) ko sule, bayan shigar Turawa Kano a 1903 aka yi ta, ko me aka ce muku.

Iyakar gona da kuka, tsamiya, rijiya ko burtali ake faɗinta, itace kuwa yana faɗuwa. A ɗauki dattijo a taka wurin tun yana da ƙafa, a rubuta abin da ya nuna.

Sai adana. Gara da laimar damina ne manyan abokan gaba, don haka akwati ya hau kan benci, nesa da bango. Kada a sa a leda, tana riƙe gumi. Kada a liƙa salatif, kada a kai shago a manne da roba mai zafi, wannan ba ta ɓaruwa har abada. Wata tawadar ma da kanta take cin takarda, sai a sa farar takarda tsakanin shafi da shafi. A ɗauki hoton gaba da baya da waya, a inuwa, bisa jerin da aka tarar. In karatun ya gagara, ma'aikatan Gidan Ɗan Hausa a Kano da na Arewa House a Kaduna sun saba da irin wannan rubutu, hotunan za a kai musu, asalin ya zauna a gida.