Su Wa Suka Ƙera Wa Kyaftin Nemo Jirginsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, na gode da wannan gayyata. An ce in yi magana a kan gwanayen ƙere-ƙere da muke gani a littattafai da fina-finai, irin mutumin nan da zai shiga ɗaki shi kaɗai, ya turo ƙofa, kashegari ya fito da na'urar da duniya ba ta taɓa gani ba. Na san da yawanku Tony Stark, jarumin fim ɗin Iron Man, kuke jira. Za mu zo kansa, amma sai mun fara gaida kakansa.

Kakan nan shi ne Kyaftin Nemo, wanda Jules Verne, marubucin Faransa, ya fito da shi a littafinsa na tafiya a ƙarƙashin teku wanda ya kammala fita a 1870. Nemo yana da jirgi mai nutsewa, Nautilus, mai aiki da lantarki, a lokacin da yawancin gidajen Turai fitilar gas da kyandir suke kunnawa. Kowa ya riƙe cewa Nemo ne ya ƙera shi. To amma ku koma littafin ku karanta wurin da baƙonsa ya tambaye shi yadda aka yi ya gina abu haka a asirce. Nemo ya ce shi zane ya yi, sannan ya aika oda masana'antu daban-daban da sunaye na bogi. Ƙashin bayan jirgin a Creusot ta Faransa aka zuba shi, farantan ƙarfen jikinsa daga Liverpool, injinsa daga kamfanin Krupp na ƙasar Jamus ta yanzu. Aka kwaso kayan zuwa wani tsibiri da ba kowa, shi da mutanensa suka harhaɗa. Kun ji ko? Marubucin da kansa bai yarda mutum ɗaya zai iya ba. Mu masu karatu ne muka manta da maƙeran, muka riƙe sunan mai gida.

Kuma ko tunanin jirgin ba daga sama ya faɗo wa Verne ba. Sojan ruwan Faransa sun saka wani jirgi mai nutsewa mai suna Plongeur a ruwa tun 1863, an kuma baje samfurinsa a baje-kolin Paris na 1867.

Wanda ya fi burge ni a mutanen Verne shi ne injiniya Cyrus Smith, na littafin tsibirin nan mai abin al'ajabi da ya fito a 1875. Mutum biyar da kare ɗaya suka tsere daga Richmond cikin balan-balan lokacin yaƙin basasar Amurka, guguwa ta jefar da su a tsibiri, ba wuƙa, ba tukunya. Ku saurari yadda Smith ya samar da wuta. Ya cire gilashin agogonsa da na abokinsa ɗan jarida, ya haɗa su baki da baki, ya cika tsakaninsu da ruwa, ya liƙe gefen da yumɓu. Ya ɗaga wa rana, hasken ya taru wuri ɗaya a kan busasshen gansakuka, sai ga hayaƙi. Wannan abu ne da ɗan aji biyu na sakandare zai iya gwadawa a tsakar gida, shi ya sa nake son sa. Daga nan suka gasa tubali, suka narka tama, suka yi sabulu, har waya mai kai saƙo suka ja. Ƙwayar alkama ɗaya tak da aka tsinta a cikin rigar yaron da ke tare da su, ita suka shuka har ta zama gona.

Amma fa akwai wata a ƙasa. Ana cikin haka sai ga wani akwati a bakin teku, cike da kayan aiki, bindigogi, littattafai da na'urorin awo. Da zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron har aka fid da rai, sai aka wayi gari ga ƙaramin kwalin kwinin a kan tebur. Wa ya ajiye? Nemo ne, ya tsufa, yana ɓoye a ƙarƙashin tsibirin cikin jirginsa. A nan ne ma aka bayyana cewa shi ɗan sarki ne daga Indiya, wanda Ingila ta raba da iyalinsa bayan tawayen 1857. Wato duk hazaƙar Smith, akwai inda ta tsaya. Zai iya yin sabulu, ba zai iya fitar da kwinin daga tsibirin da itacensa bai tsiro ba. Sai da dukiyar wani ta shigo ta bayan gida.

To, yanzu ga Tony Stark ɗinku. An ƙirƙiro shi a mujallar zane ta Marvel a 1963, fim ɗin da kuka sani kuma ya fito a 2008. An kama shi a Afganistan, an kulle shi a kogo, ya ƙera sulken ƙarfe ya tsere. Kowa na cewa da tarkace ya yi. Wane irin tarkace? Makamai masu linzami ne na kamfaninsa ya kwance ya ciri abin da yake so, kayan da ɗaruruwan injiniyoyi suka riga suka gama wahalarsu. Kuma ba shi kaɗai ba ne a kogon. Akwai Yinsen, wanda ya yi masa tiyata ya ceci ransa, ya taya shi aiki, ya kuma mutu don ya samu ya fita. Wa ya taɓa ganin yaro sanye da riga mai hoton Yinsen? (Dariya.)

Masu son fim ɗin Indiya, ba a bar ku a baya ba. Rancho na 3 Idiots ya karɓi haihuwa da injin shara, gaskiya ne, amma likita ce take gaya masa abin da zai yi ta kwamfuta, ɗaliban makarantar kuma su suka kwaso masa baturan mota.

Ba na ganin laifin masu labari. Labari yana son fuska ɗaya da za a bi, ba wanda zai zauna awa biyu yana kallon kwamiti. Inda nake da ja shi ne lokacin da ɗalibi ya ɗauki abin a matsayin yadda ake yi, ya ɓoye aikinsa kada a sace masa, ya raina mai walda da makanike. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda injin niƙa ke fitowa: wannan ya yanka ƙarfe, wancan ya yi juyi, wani ya naɗa waya, yaron shago ya riƙe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a can ba sai an faɗa wa kowa ba.

Ko Thomas Edison, wanda Amurkawa suka mayar da shi tamkar tauraron labari, haka ya yi. Ɗakin gwajin da ya buɗe a Menlo Park a 1876 cike yake da ma'aikata. Na'urar ɗaukar murya ta 1877, zane ya miƙa wa wani maƙeri ɗan Suwizalan, John Kruesi, shi ya ƙera ta. Ƙwan lantarki na 1879, Francis Upton ne ya yi lissafin, Ludwig Boehm ya hura gilashin, kuma a daidai lokacin Joseph Swan yana nasa a Ingila, har daga baya shi da Edison suka haɗa kamfani a can.

Shugaban taro ya nuna mini agogo sau biyu. Na ga hannun wata ɗaliba a sama tun ɗazu, a miƙa mata makirfo.